Allurar Ranar Lahadi

Talata, 13 ga Agusta, da hantsi

Tana numfashi da kanta. Tun da safe aka cire mata robar iskar nan daga hanci, ta sha rabin kofin shayi, har ta ce sukari ya yi yawa. Wadda ta samu bakin ƙorafin sukari ai ta dawo. Alhamdulillahi.

A barandar babban asibiti nake, a Daura, ina rubutu a bayan littafin shirya darasina tunda makaranta na hutu. Mai jegon tana ciki, jaririyar tana bayan Yaya Shatu, yayar Malam maigidana. Na ce mai jego domin ita ce 'yata ta fari, kuma tun da na haife ta bakina bai taɓa kama sunanta ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu, haka nake yi. Ko a takarda sai in ji hannuna ya ƙi.

Abin da ya faru ranar Lahadi ba zan rubuta shi ba. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke fitar da mu titi. Malam yana kasuwar Mai'adua da awakinsa, Yaya Shatu ta tafi gaisuwar mutuwa ƙetaren rafi ruwa ya tare ta a can, waya ba sabis. Daga ni sai Sista Haulatu ta ƙaramin asibitin garinmu. Iyakar abin da zan iya ke nan. Allah ya saka mata da alheri, ya yi wa 'ya'yanta abin da ta yi wa tawa.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan azahar

Likita ya zagayo, yaro ne matashi, idonsa ja wur don gajiya. Ya ce zuciya ce ta gaza bayan haihuwa, ruwa ya taru a ƙirji, kuma ba yau ya fara ganin haka a wajen masu jego ba. Ya hana kunun kanwa, ya hana wankan tafasasshen ruwa da ganye, ya ce a rage gishiri.

Yaya Shatu, wadda rabin matan garinmu a hannunta suka yi wankan jego, ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ita uwarka da me aka wanke ta?"

Ya yi dariya ya ce, "Da shi, Gwaggo. Allah ne ya tsare ta."

Ta ja tsaki har na gadon kusa suka waiwayo. Amma da la'asar na gan ta a bakin ƙofa tana kwance ƙullin kanwar da ke bakin zaninta, ta miƙa wa mai sayar da shinkafa da wake. Na yi kamar ban gani ba.

Na bi likitan waje na tambaye shi allurar da Sista ta yi mata kafin a samu hanya. Ya ce, "Mama, ba don allurar nan ba, da ba ta kai safiya ba." Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai ba huruminta ba ne." Ban gane ba, ban kuma tsaya tambaya ba. Rabin farkon maganar ya ishe ni.

Juma'a, 16 ga Agusta, da safe

Ta zauna da kanta ta shayar da yarinya. Na juya baya kamar ina neman takalmina.

Lahadi, 18 ga Agusta, da la'asar

Yau Lahadi. Hadari ya haɗo, na kasa zama wuri ɗaya. Gobe za a sallame mu, in Allah ya so. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Talata, 20 ga Agusta, bayan magariba

Muna gida. Samarin gari sun cike kwalbatin da buhunan yashi, mota na wucewa da ƙyar.

Na tara ƙwan zabi a kwano na tafi yi wa Sista godiya. Na tarar da ita ba farin kaya, tana naɗe tabarma, jakarta a bakin ƙofa. An ce mata ta koma gida Dutsi har sai kwamiti ya zauna a kanta.

Na ce, "Kwamitin me? Lambar yabo za su ba ki?"

Ta yi murmushi ta ce, "Malama, zauna. Ku kuke ce mini likita, kullum ina gaya muku ni ba likita ba ce."

Ta yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Wai akwai magungunan da doka ta yarje mata ta rubuta da kanta, na zazzaɓin cizon sauro, na gudawa, na masu ciki, irin waɗannan. Akwai kuma waɗanda sai likita ya rubuta. Allurar ranar Lahadi tana cikin kabad ɗin likitan da ke zuwa mana ranar Alhamis in hanya ta yi kyau. Makullin yana hannunta ne don ta riƙa ba marasa lafiya abin da ya riga ya rubuta musu. Ita kuwa ta buɗe ba tare da ya rubuta ba. Ba wanda ya kai ƙararta ma, ita ce ta faɗa da bakinta.

Raina ya ɓaci. Na ce yaron kemis ɗin bakin kasuwa, wanda na kora daga aji don ya kasa rubuta sunansa, har allura yake yi wa mutane a bayan labule. Mai tallan magani a keke yana yawo da lasifika yana warkar da basir da ciwon ƙoda da ƙwaya ɗaya. Duk ba a kafa musu kwamiti ba sai wadda ta yi karatun abin?

Ta ce, "Dokar ba banza ba ce, Malama. Na taɓa ganin wanda allurar ganganci ta kashe. Da ba a tambaya, da kowa ya zama likita."

Na ce to me za su yi mata?

"In sun gamsu dole ce ta sa ni, gargaɗi ne. In sun ga da an iya jira, za su karɓe lasisina."

Ta faɗe shi tana ɗaure bakin jaka, kamar labarin wata take ba ni. Ta karɓi ƙwan, ta ce yaranta suna so. Na ɗauki kwanona na dawo gida.

Alhamis, 22 ga Agusta, da la'asar

Yau gida ya cika. Uwar mijin mai jego ta zo dubiya da ƙannenta, na shimfiɗa musu babbar tabarma a inuwar ɗaki, na dama fura. Muna cikin haka aka yi sallama, wai wani Malam Harisu daga ofishin lafiya yana son ganin wanda ke wurin ranar Lahadi. Malam ya shigo da shi tsakar gida, aka ba shi kujera. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe mu.

Ya ce, "Malama, a ganinki ranar jikin ya yi tsananin da ba za a iya jiran safiya ba?"

Surukaina duk sun zuba mini ido. To me zan ce? In zauna gaban uwar mijinta in ce hankalina ya tashi a kan 'yar fari, kamar wata marar ta-ido? Na gyara mayafi na ce, "Ai ni ban wani lura ba. Ɗan numfashi ne ya yi mata nauyi, na ga dai gara a leƙa asibiti. Yaran yanzu ba su da juriya."

Ya ce, "Ba ki ga alamar rai na cikin haɗari ba?"

Na ce, "Rai ai na Allah ne. Ina can ina hidimata."

Ya rubuta, ya yi godiya, ya sha fura ya tafi. Uwar mijin ta ce wa ƙanwarta, yadda zan ji, "Kin ga gidan da aka san kara." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Mai jegon tana ɗaki, labule a sake, ban sani ba ko ta ji.

Na manta ban ce masa a yi wa Sista sassauci ba. Amma ai ya ga yarinya da ranta, me ya fi wannan shaida?

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Kumburin jikinta ya saɓe, har zoben hannunta ya shiga. Alhamdulillahi. Asibitinmu a rufe yake sai mai gadi. Matar maƙwabcinmu ta kai ɗanta mai zazzaɓi wajen yaron kemis.

Talata, 27 ga Agusta, bayan magariba

Na je Dutsi. Da ban je ba ma.

A'a, gara da na je.

Gidan su Sista ƙarami ne, gero ya kewaye shi har ya fi katanga tsawo. Yara uku, da tsohuwa mahaifiyarta wadda ido ya fara yi wa nauyi. Mijin ya rasu tun ƙaramin yana ciki. Ban san wannan ba. Shekara nawa tana duba mu, ban taɓa tambayarta wa take ciyarwa ba.

Ta tare ni da murna, ta tambayi mai jego, ta tambayi ko tana shan ƙwayoyinta a kan lokaci, ko tana iya kwanciya ba tare da an tara mata matashi ba. Muna cikin gaisawa tsohuwar ta karkato kai ta ce, "Wace ce? Ko ita ce malamar da ta ce ba ta ga komai ba?"

Sista ta ce, "Haba Inna!"

"To ƙarya na yi? Ba haka aka karanta miki ba?"

Sai da na matsa mata sannan ta faɗa. An kira ta ofis jiya. Mai jego ba ta tuna komai na ranar, ba a hayyacinta take ba. Likitan Daura ya gan ta ne bayan allura ta yi aiki. Mutum ɗaya ne ya ga yadda aka kawo ta, kuma mutumin ya ce ɗan numfashi ne, yaran yanzu ne ba su da juriya.

Na ce, "Sista, ai kin san yadda ake yi. Shi ma Malam Harisun ai Bahaushe ne, ya sani."

Ta ce, "Na sani, Malama. Wataƙila shi ma ya sani. Amma abin da kika faɗa shi zai rubuta, ba abin da ya sani ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Har bakin titi ta rako ni, ta tsayar mini da mai babur, ta ce ya bi da ni a hankali saboda taɓo. Kwamiti zai zauna Talata mai zuwa.

Laraba, 28 ga Agusta, da azahar

Na ɗora tuwo ya ƙone.

Alhamis, 29 ga Agusta, da safe

Likitan Alhamis bai zo ba, an ce yana wani gari. Jaririya ta yi murmushin barci. Ina godiya ga Allah, wallahi ina godiya, amma hankalina yana Dutsi.

Juma'a, 30 ga Agusta, da la'asar

Na gaya wa Malam yadda bayanina ya cuci Sista, bayan ya sauko daga masallaci. Ya ce, "To ki je ki gyara mana." Namiji ke nan. A wajensa kamar a ce an yi kuskuren awon gero ne a sake aunawa. Na ce ya san me zan faɗa kuwa? A gaban maza, a ofis? Ya ce shi bai sani ba, tunda har yau ban gaya masa abin da ya faru ranar Lahadin ba. Gaskiyarsa ce.

Yaya Shatu tana gefe tana yi wa jaririya wanka, da ruwa mai ɗumi kawai yanzu, tana yi tana mita. Na ɗauka za ta ce in rufa wa kaina asiri, ita da ta fi kowa riƙon al'ada a gidan nan. Sai da ta naɗe yarinyar a zani sannan ta ce, ba ta ko kalle ni ba:

"Zinariya, ni ma ta farin tawa ban taɓa kiran sunanta ba. Har aka fita da gawarta ina zaune a ɗaki ina tsinkar zogale, don kada a ce. Aka yi ta yabona kuwa. Ban ga abin da yabon ya ƙara mini ba."

Shekarata talatin a gidan nan ban taɓa jin ta ambaci yarinyar ba. Ta ce ranar Talata tare za mu, in wanke mayafina mai kyau.

Lahadi, 1 ga Satumba, da hantsi

Na gwada faɗa ni kaɗai a bayan ɗaki. Kaji ne kawai ke ji, amma na kasa.

Talata, 3 ga Satumba, bayan magariba

Saminu, mijin mai jego, ya dawo daga kudu shekaranjiya, shi ya aro mota ya kai mu. Na so ya jira a waje, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe saboda zafi. Surukina ke nan, wanda ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Shugabar wata dattijuwa ce mai tabarau, an ce tsohuwar nas ce. Ga Malam Harisu, ga likitan Alhamis, ga wasu biyu. Sista tana kujerar gefe, hannuwanta a cinya.

Shugabar ta ce, "Malama, ai mun riga mun samu bayaninki."

Na ce wancan na surukai ne, yau na kawo na gaskiya. Wani ya yi dariya, ta harare shi.

Ban san ta ina na fara ba. Na dai tuna na ce kumfa ke fita ta bakinta, leɓenta ya canza launi. Na ce goya ta na yi. Mace mai jego, wadda ta fi ni tsawo, na ɗaure ta da zani a bayana cikin ruwan nan, ƙafafunta na jan ƙasa. Na ce Sista ta hau kan tankin ruwa da waya a hannu tana neman likita, ba abin da ke shigowa sai sabis ɗin Nijar. Na ce ta sauko ta tsaya gaban kabad da makulli, ta ce mini, Malama, na san abin da za a yi mata, amma ba ni da izini. Na ce ni ce na faɗi ƙasa na riƙe ƙafafunta, ba ɗankwali a kaina, ina ihu. Akwai abin da na ce wa Allah a lokacin, wannan ban faɗa musu ba, nan ma ba zan faɗa ba.

Shugabar ta ce, "Wa kike kira da kike ihun?"

Ta san abin da take yi, tsohuwar nan. Yaya Shatu ta dafa gwiwata. Na faɗi sunan. Muryata ba ta fita ba, aka ce in maimaita, na maimaita da ƙarfi har na bakin ƙofa ya ji. Ashe suna ne mai daɗi a baki. Ni na zaɓa mata shi, ta bakin Yaya Shatu na aika wa Malam tun ana gobe suna.

Malam Harisu ya ce, "Malama, me ya hana ki gaya mini haka a gida?"

Na ce, "Ba ka ga waɗanda ke kan tabarma ba?"

Ya sunkuyar da kai yana juya biro. Can ya ce, "Ni ma ɗan fari ne."

Likitan Alhamis ya ce da wayar ta shiga, allurar nan zai ce a yi, kuma daidai yadda ta yi. Ya ce shi kaɗai ne a kan garuruwa da yawa, ya sha roƙo a horar da irin su Sista a ba su izinin irin wannan in an rasa likita. Shugabar ta ce wannan ba a ɗakin nan ake yanke shi ba, su abin da ke rubuce suke bi. Za a sanar da hukunci.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Saminu ya tsaya a hanya ya sayo mana gasasshiyar masara, ya miƙo ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Na ci a gabansa. Abin da ya rage kuma?

Alhamis, 5 ga Satumba, da la'asar

Ina bakin murhu ta fito, a hankali, tana dafa bango. Ta tsaya a kaina.

"Inna, wai goya ni kika yi?"

Na ce, "Wa ya gaya miki wannan shirmen? Miƙo mini ludayi."

Ta miƙo, na kama, ba ta saki ba. Muka tsaya haka, ita da kan ludayin ni da bakinsa, har miya ta fara kamawa. Saminu bakinsa ba ya riƙe magana, zan gaya wa uwarsa.

Asabar, 7 ga Satumba, da safe

Har yanzu ba labari daga kwamiti. Allah, kai ka ga ranar.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan azahar

Ta dawo! Tun da hantsi labari ya zagaye gari, Sista ta buɗe asibiti. Na yi sujada a tsakar gida, Yaya Shatu ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Alhamdulillahi. Ba a taɓa lasisinta ba, yaran nan uku da tsohuwa za su ci abinci. Na kasa daina faɗin alhamdulillahi, har Malam ya ce in bar wa gobe saura.

Da aka tashi makaranta na wuce can kai tsaye. Yau ranar awo ce, benci cike da mata har wasu a ƙasa. Ta hango ni ta ce in shigo. Ta rame, amma farin kayan nan sun sha guga. Na fara godiya ta ce ita ce da godiya, muka yi ta jayayya a kan wa ya fi bin wani, har muka yi dariya.

Ta ce an ba ta takardar gargaɗi. Ta sa hannu cewa ba za ta ƙara ba da maganin da ba huruminta ba, ko da wane dalili. In ta ƙara, ba sai an zauna ba.

Sannan na tambayi abin da bai kamata in tambaya ba a ranar farin ciki.

"Sista, to in gobe aka kawo miki wata kamar tawa?"

Tana wanke hannu a roba. Ta daɗe tana wankewa, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki tawul ta goge.

"Malama, yara uku gare ni."

Ba ta ce za ta yi ba, ba ta ce ba za ta yi ba. Ta rataye tawul ɗin, ta ce in taimaka in turo mata ta gaba.

Na fita na ce ta gaba ta shiga. Madina ce, wadda na koyar a aji shida ba da daɗewa ba, cikin fari, ya tsufa har tashi na yi mata wuya. Ta gaishe ni da fara'arta, ta ce, "Malama, an ce likitarmu ta dawo, yanzu hankalinmu ya kwanta."

Na ce ta dawo. Na ɗage mata labule ta shiga.